Malamin da Ya Ja Daga da Bature: Yadda Masu Fasaha Suka Siffanta Shi, Daga Meziko Zuwa Satiru

Laccar da aka gabatar a garin Madobi, Jihar Kano

 

A ƙarshen watan Janairu na 1903 rundunar Turawan Ingila ta taso daga Zariya a ƙarƙashin Kanar Morland, ta nufo Kano. Garin da ya fara rufe musu ƙofa a ƙasar Kano shi ne Bebeji, maƙwabtanmu. Suka saita igwa suka fasa ƙofar, suka wuce, ran 3 ga Fabrairu suka shiga birnin Dabo. Ke nan labarin zuwan Bature ya bi ta wannan nahiya ta kudancin Kano, inda yau ruwan Tiga ke shayar da shinkafa da alkama da tumatir.

Da yawa daga cikin waɗanda suka ja daga da Turawa, a nan da sauran sassan duniya, mutanen addini ne: malaman allo, shehunan ɗariƙa, limaman coci, masu riƙe da tsafin gari. Akasarinsu sun mutu ba tare da wani ya zauna ya zana fuskarsu ba. Fuskar da muke gani yau a bango da littafi da fim, na baya ne suka ƙera ta, kowa gwargwadon buƙatar zamaninsa. Wasu an ƙawata su har sun zama iyayen ƙasa. Wasu kuwa an bar su a duhu, kuma hakan bai faru a banza ba. Wannan lacca za ta bi sawun masu zanen da masu waƙar da masu fim ɗin, ta ga wa suka ɗauka, wa suka bari, kuma don me.

Limamin cocin da ya kaɗa ƙararrawa

Wanda ya fi kowa shan zane a wannan sahu shi ne Fada Migel Hidalgo na ƙasar Meziko. An haife shi a 1753, lokacin da Sifaniya ke mulkin ƙasar. Ya yi karatu mai zurfi har ya shugabanci kwalejin San Nikolas a birnin da yanzu ake kira Moreliya. A 1803 aka ba shi limancin cocin Dolores, wani ƙaramin gari na manoma. Can ya duƙufa koya wa talakawa ginin tukwane da jima da kiwon zuma da noman inabi. Dokokin Sifaniya kuwa sun takura noman inabi a ƙasashen da take mulka, don kada a kashe wa 'yan kasuwarta ciniki. Manomin tumatir na Kadawa da ya ga yadda na gwangwani daga waje ke karya masa farashi ba ya buƙatar dogon bayani a kan irin wannan takaici.

Da asubar 16 ga Satumba 1810 Hidalgo ya sa aka kaɗa ƙararrawar coci, jama'a suka taru, ya kira su da su tashi. Ba wanda ya rubuta kalmominsa a lokacin, shi ya sa ruwayoyinsu suka bambanta har yau. A kan hanya suka ɗauko hoton Maryamu ta Gwadalupe daga wani coci, suka mai da shi tuta. Cikin mako shida taron ya kai kimanin mutum 80,000, mafi yawansu da adda da majajjawa da sanda. A watan Disamba, a birnin Gwadalahara, ya fitar da dokar soke bauta.

Abin bai daɗe ba. A watan Janairu na 1811 sojojin sarkin Sifaniya suka tarwatsa su, a watan Maris aka kama shi. Manyan coci suka tuɓe masa limanci, aka harbe shi a garin Ciwawa ran 30 ga Yuli 1811, yana da shekara 58. Aka sare kansa da na abokansa uku, aka sa a kejin ƙarfe, aka rataye a kusurwoyi huɗu na wani babban rumbun hatsi a Gwanahwato. Shekara goma kawunan suna nan, sai a 1821 da ƙasar ta sami 'yanci aka sauke su.

Mutum ɗaya, fuska barkatai

Babu wani hoton Hidalgo da aka tabbatar an zana shi yana raye. Wannan giɓi shi ya ba masu fasaha fili.

A 1828 wani Ba'italiye mai suna Claudio Linati ya buga hotonsa cikin kayan mayaƙi da faffaɗar hula, kamar jagoran 'yan sari-ka-noƙe. Wannan siffa ba ta karɓu ba. Wadda ta zauna a zukatan mutane ita ce ta Joaquín Ramírez, ta 1865: dattijo mai sanƙo da furfura, cikin baƙaƙen kaya, yana tsaye kusa da tebur da takardu, fuskarsa a natse. Abin dariyar shi ne wanda ya ba da aikin. Maximilian ne, ɗan sarautar Ostiriya da sojojin Faransa suka ɗora a kan mutanen Meziko a 1864. Baƙon sarki yana neman karɓuwa, sai ya sa aka zana masa ɗan tawayen a matsayin kaka mai haƙuri wanda ba zai tsorata kowa ba. Dabarar ba ta cece shi ba, domin a 1867 shi ma aka harbe shi, amma hoton ya rayu, ya shiga littattafan makaranta.

Sai aka yi juyin juya halin da ya fara a 1910, gwamnatocin da suka biyo baya suka buɗe wa masu zane bangayen gine-ginen hukuma. A 1937 José Clemente Orozco, wanda ya rasa hannunsa na hagu tun yana saurayi, ya zana Hidalgo a saman matakalar fadar gwamnatin Gwadalahara. Mai hawa benen zai ɗaga kai ya ga wani ƙaton mutum ya rufo masa, furfura a tashe, baki a buɗe, hannu ɗaya ya dunƙule, ɗayan riƙe da itace mai ci da wuta. A ƙarƙashinsa mutane ne ke soke juna da wuƙaƙe cikin jan launi. A bangayen gefe ga manyan coci da sojoji, ga kuma alamomin 'yan Nazi da na 'yan gurguzu a cakuɗe. Orozco ya yi aikin ne ana tsakiyar yaƙin basasar Sifaniya, duniya na gangarawa zuwa yaƙi na biyu, kuma fargabar wannan lokaci ce ta cika bangon. Mai kallo ba zai iya yanke hukunci ba: wutar nan haska hanya take yi ko ƙona gari?

A 2010, da aka cika shekara 200 da tawayen, sai ga fim wanda Demián Bichir ya fito a matsayin Hidalgo, mai son kiɗa da wasan kwaikwayo da mata, har da 'ya'ya duk da alkawarin limancinsa. Jarumi, kaka, gobara, ɗan duniya: duk mutum ɗaya. Abin da kusan dukansu suka kauce wa shi ne kisan da mabiyansa suka yi wa waɗanda suka fake a rumbun Gwanahwato, da Sifaniyawa fararen hula da aka yanka a wasu birane da saninsa. A kowace shekara, daren 15 ga Satumba, shugaban Meziko yakan kaɗa ƙararrawar Dolores daga fadarsa, kuma ba a tayar da wannan zance a wurin bikin.

Hoton da maƙiyi ya ɗauka

A duniyar Musulmi lamarin ya ɗauki wani salo, domin sau da yawa kyamarar mai mulkin mallaka ce ta fara kama fuskar malamin.

Umar Mukhtar malamin Alƙur'ani ne na ɗariƙar Sanusiyya. Ya yaƙi Italiya a Libiya shekara ashirin, daga 1911 zuwa 1931. Da suka kama shi a watan Satumba na 1931, sai suka ɗauke shi hoto da sarƙa a hannu da ƙafa, hafsoshi sun kewaye shi suna alfahari. Suka rataye shi a Suluƙ ran 16 ga watan, a gaban dubban mutanen da aka tilasta wa kallo. An ɗauki hoton don a wulaƙanta shi, amma ya juye ya zama shaida a kan waɗanda suka ɗauka. A watan Yuni na 2009 Mu'ammar Gaddafi ya sauka a birnin Rum da wannan hoto manne a ƙirjinsa.

Fuskar da mutanen Kano suka fi sani kuwa ta fim ce. Mustafa Akkad, ɗan Siriya, ya shirya fim ɗin Zakin Sahara da kuɗin gwamnatin Libiya, kimanin dala miliyan 35, ya fito a 1981. Italiya ta hana nuna shi, sai a 2009 aka haska shi a talabijin ɗinta. Dattijon nan mai farin gemu da tabarau da ake gani yana koyar da yara kafin ya hau doki, Anthony Quinn ne, wanda aka haifa a Ciwawa, garin da aka harbe Hidalgo. Yau idan aka ambaci Umar Mukhtar, fuskar ɗan Meziko ce ke zuwa wa mutane da yawa a rai.

Haka Shehu Ahmadu Bamba na Senegal, wanda bai ɗauki makami ba amma Faransa ta kai shi gudun hijirar dole Gabon daga 1895 zuwa 1902. Shekaru masu yawa hoto ɗaya tak aka san shi da shi, na 1913, yana tsaye cikin farar riga, rawani ya rufe rabin fuskarsa. Muridansa suka ɗauki hoton nan suka zana shi a bango da gilashi da jikin motocin haya, har ya cika Dakar da Tuba.

Burmi: tuta, waƙa da littafi

Mu dawo gida. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗan Ahmadu ɗan Atiku ɗan Shehu Usmanu, ya hau gado a ƙarshen 1902. Bai yi wata shida ba Turawa suka iso. Bayan faɗuwar Kano da karon Kwatarkwashi inda Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada, aka gwabza a Giginya, bakin Sakkwato, ran 15 ga Maris 1903. Bindiga mai ruwa ta gama aikinta cikin ɗan lokaci.

Malaman daular sun riga sun yi muhawara a kan mafita: yaƙi, ko sulhu, ko hijira. Waziri Buhari ya zauna ya yi sulhu, ya kuma rubuta hujjojinsa. Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas. Abin da ya firgita Turawa shi ne yadda jama'a suka riƙa barin garuruwansu suna bin sa, sarakuna da malamai da talakawa, har da mutanen ƙasar Kano. A Burmi, cikin Jihar Gombe ta yau, garin mabiya Malam Jibrilla Gaini, aka yi karo biyu. A na farko, cikin watan Mayu, Turawa suka ja da baya. A na biyu, ran 27 ga Yuli 1903, Attahiru ya faɗi tare da ɗaruruwan mutanensa, kwamandan Turawa Manjo Marsh shi ma ya mutu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har gobe.

Masana tarihi sun rawaito cewa Turawa sun ɗauki hotunan gawarwakin shugabannin da aka kashe a Burmi, aka yaɗa don mutane su tabbata an gama. Wannan shi ne kejin Gwanahwato a sabon salo. Tutar Sarkin Musulmi kuma aka tafi da ita Ingila, sai a 1960 aka mayar da ita Sakkwato.

To mu da me muka siffanta shi? Da harshe. Al'adarmu ta zane ta fi karkata ga zayyanar allo da adon bango da aikin allura a wuyan riga, don haka aikin da fenti ya yi a Meziko, waƙa ce ta yi shi a nan. Akwai Waƙar Zuwan Annasara da ake danganta wa shi Attahiru kansa, wadda ke bayyana dalilin hijira. Akwai waƙoƙin Alhaji Umaru Salga, haifaffen Kano da ya zauna a Kete-Krachi ta ƙasar Gana ya rasu a 1934, wanda ya jera garuruwa da sarakunan da Nasara suka ci ɗaya bayan ɗaya, da Hausa da Larabci. An rubuta su da ajami, an haddace, an rera a zaure da tsangaya, inda jami'in Bature ba ya jin abin da ake cewa.

Da boko ya zo sai salon ya canza. A gasar rubutun 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, Malam Bello Kagara ya shigar da Ganɗoki, aka buga a 1934. Jarumin littafin ya yaƙi Turawa, ya bi ayarin hijira zuwa gabas, sannan labarin ya ɗauke shi ya kai shi ƙasashen aljanu. Da ya dawo sai ya tarar da mulkin Bature ya kafu, ya kuma yi na'am da shi. Marubucin ya sami damar nuna jaruntar waɗanda suka yi tsayayya, amma ofishin da zai buga littafin na Bature ne, don haka dole labarin ya sauka inda ya sauka. Sai a 1999 Ahmed Yerima ya fitar da wasan kwaikwayonsa mai suna Attahiru, da Turanci, ya tsayar da Sarkin Musulmi da Gwamna Lugga a dandali ɗaya suna fafatawa da hujja.

Sarauniyar Lugu

A tsallaken iyaka akwai misalin da ya fi kowanne nuna ƙarfin mai fasaha. A 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa ta Nijar yana ƙone garuruwa, ɓarnar da ta fi muni ita ce ta Birnin Ƙonni. A watan Afrilu suka isa Lugu, kusa da Dogon Dutse, garin Azna masu addinin gargajiya. Shugabar garin ita ce Sarauniya Mangu, mai riƙe da al'amuran ibadarsu. Mutanenta suka yi tsayayya, sannan suka janye cikin daji. Bayan wata uku Voulet ya sa aka kashe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, shi da Chanoine su ma sojojinsu suka harbe su a yankin Tasawa. Mutanen yankin Lugu suka ce asirin Sarauniya ne ya bi su.

Takardun Faransa ba su ba ta wani muhimmanci ba. Wanda ya fito da ita duniya shi ne Abdullahi Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba ta Nijar da ya sha gudun hijira da kurkuku. A littafinsa na 1980 ya mai da ita matashiya mayaƙiya mai jagorantar maza a fagen fama, alhali a al'adar Lugu mai wannan sarauta ba ta cika fita daga ɗakinta ba. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin fim a 1986. Ba a sami damar ɗaukarsa a Nijar ba, sai Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ta karɓe shi. Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, kuma mafi yawan maganar ba da Hausa aka yi ta ba. A 1987 fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu.

Daga littafi ɗaya da fim ɗaya, sunanta ya hau makarantu da gidan rediyo da talabijin a Yamai, gwamnatin sojan da ta hau a 2023 kuma ta ƙirƙiro lambar yabo da sunanta. Ƙasar da kusan dukan mutanenta Musulmi ne ta rungumi shugabar Azna a matsayin gwarzuwa, domin wani marubuci ya ba ta siffar da kowa zai iya ɗauka.

Satiru, garin da aka la'anta

Idan ana neman wanda ya fi kama da Hidalgo a ƙasar Hausa, wato malamin ƙauye da ya tara talakawa da kayan noma ya tunkari daula, to a Satiru yake.

Satiru ƙauye ne da ke kudu da Sakkwato, tafiyar kamar kilomita ashirin da 'yan kai. A 1904 shugaban garin ya yi da'awar Mahadi, aka kama shi, ya mutu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi. Sai ga wani malami makaho, Shu'aibu Ɗan Makaho, ya tsallako daga ƙasar Zabarma bayan Faransa ta murƙushe tawayen Kobkitanda. Jama'ar da ta taru musu talakawa ne, da bayi masu yawa da suka gudo daga gandayen masu sarauta.

Ran 14 ga Fabrairu 1906 rundunar sojan doki ta je kama su. Mutanen Satiru suka auka mata da gatari da fartanya da baka. Suka kashe Turawa uku, wato muƙaddashin Razdan Hillary da mataimakinsa Scott da Laftanar Blackwood, da sojoji sama da ashirin, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Tun da Turawa suka ci ƙasar ba a taɓa yi musu irin wannan kaye ba. Malam Isa shi ma ya rasa ransa a sanadin wannan karo.

Ramuwar ta zo ran 10 ga Maris. Sojojin Lugga, tare da dawakin Sakkwato, suka kashe kimanin mutum 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin. Aka yanke wa Ɗan Makaho hukuncin kisa a Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na biyu, wanda Turawa suka naɗa, ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin, Ingila kuma ta ba shi lambar girma. Daga ranar Turawa suka gane cewa sarakuna ne garkuwarsu, sarakuna kuma suka gane cewa Turawa ne tasu. Mulki ta hannun sarakuna ya sami gindin zama a kan tokar Satiru. Wata guda bayan haka aka ci Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya yi shahada, kuma shi ana tuna shi da girma.

Sunan Satiru ya fi yawo a rubuce-rubucen masana irin su R. A. Adeleye da Mahmud Tukur da Paul Lovejoy da Jan Hogendorn. A bakin makaɗa da allon fim da bangon makaranta kuwa da wuya a ci karo da shi.

Wani zai ce ai addini ne ya hana mu zanen mutane. Gaskiya ne malamai sun yi magana mai yawa a kan hoto. Amma a leƙa kasuwar Kurmi ko a dubi bayan Adaidaita Sahu: ga Shehu Tijjani, ga Sidi Abdulƙadir, ga Shehu Ibrahim Inyas. Har Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817 kafin a ƙirƙiro kyamara, an yi masa fuska tana yawo a littattafai da wayoyi. A dubi naira kuma: Tafawa Ɓalewa a kan biyar, Murtala a kan ashirin, Sardauna a kan ɗari biyu, Aliyu Mai-Bornu a kan dubu. Babu ko ɗaya daga mutanen 1903 ko 1906.

Dalilin ya fi kusa da siyasa. Hidalgo ya sami magada da suka ci mulki suka buƙaci uba. Sarauniya ta sami ɗan Sawaba mai alƙalami. Attahiru jinin Shehu ne, gidansu na nan, don haka akwai masu riƙe da sunansa. Mutanen Satiru kuwa sun yi faɗa da Bature da fada a lokaci guda, kuma waɗanda suka karɓi mulkin Arewa a 1960 magadan fadar ne. Maƙaɗin fada ba zai yi wa bawan da ya gudu kirari ba. Ko 'yan NEPU, da suka kafa jam'iyyarsu a Kano a 1950 don talakawa, gwarazansu na zamaninsu ne, irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, malaman da suka yi yaƙinsu da waƙa da jarida da ƙuri'a. Ga kuma matsalar aƙida: da'awar Mahadi abu ne da manyan malamai suka yi watsi da shi, don haka mai son yabon Satiru zai ji nauyin bakinsa.

Aikin da ke jiran matasa

A cikin wannan taro akwai masu zanen allon shago, da masu rubuta littattafai, da masu sha'awar shiga harkar fim. Kano ce cibiyar fim ɗin Hausa tun fitowar Turmin Danya a 1990, kuma kayan aikin wannan labari suna kusa. Rahotannin Razdan Burdon da sauran jami'ai suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Gidan Arewa na nan a Kaduna, ga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ga Gidan Makama a Kano da hotunan zamanin. Baƙin rawani mai ƙyalli da manyan wancan lokaci ke naɗawa, ɗan Kura, sunan maƙwabtanmu yake ɗauke da shi, domin marinansu ne suka yi fice da shi har cikin Sahara.

Wanda zai ɗauki aikin zai tarar da tambayoyi masu wuya. Kafin zuwan soja, mutanen Satiru sun kai wa maƙwabtansu na Tsomau hari sun kashe mutane, kuma fim ɗin da ya ɓoye wannan ya maimaita abin da masu zanen Hidalgo suka yi da rumbun Gwanahwato. Sarkin Musulmin da ya la'anci garin yana da nasa lissafin, na mutumin da ya ga abin da aka yi a Giginya da Burmi shekara uku kacal da suka wuce, kuma dole a ba shi bakin magana. Sojojin da suka harba bindigogin, mafi yawansu Hausawa ne da Yarabawa, Turawan 'yan kaɗan ne a kansu. Ɗan Makaho Bazabarme ne, don haka labarin zai buƙaci harshe biyu da 'yan wasa daga ɓangarorin iyaka biyu. Matan da aka kwashe aka rarraba a gidaje kuwa suna da jikoki a ƙasar Sakkwato, kuma duk mai son jin ɓangarensu sai ya je da ƙafarsa ya nemi izinin dattawa, ya zauna ya saurara.